Gadon Lilon Auta

Ranar ƙarshe ta hutunmu a daji na leƙo daga tanti da sassafe, sai ga wata ƙatuwar dabba, beyar, a ƙarƙashin gadon lilon autarmu, tana shinshina. Gadon ya lotsa da nauyi, yana rangaji tsakanin bishiyoyi biyu.

Baba ya damƙe hannuna. "Kar ki yi ihu," ya ce.

Dabbar ta miƙe tsaye, ta kai yakushi. Ƙyallen gadon ya yage.

Burodi ne ya zubo, da kifin jiya, da kwalbar zuma.

Sai aka ja rigata ta baya. Auta ce, tana murza ido.

"Baba, ba kai ka ce a rataye abinci a bishiya ba? Ni a mota na kwana."