Jan Zaren Kusum

Har yau in na tuna ranar da na raka marigayi abokina Harkesh gidan su Kusum, budurwar da yake nema da aure, sai hawaye. Ya tsaya takara da mutumin da Guru, wani jagoran addini, ya umarci mabiya sabuwar ɗariƙarsa su zaɓa, Kusum kuwa mabiyiyar Guru ce.

Ta fito da jan zaren da mace ke ɗaura wa ɗan'uwanta bisa al'ada, wanda in ya hau hannu babu sauran zancen aure.

"Ka janye takarar," ta ce, idonta a ƙasa.

"Ke ce mai magana, ko Guru?"

Da ta ga ba zai janye ba, sai ta ce, "Miƙo hannu, Yaya."

Ya miƙa, ta ƙulla masa zaren. Ya ciro awarwaron amarcin da ya zo da su.

"Ga tukuicinki, ƙanwata."