Ɗakin da Darlene Ta Rufe

Darlene Kovach ba ta taɓa zama da Farfesa Emmett Halloran ba, amma ko sunansa ba ta son ji. Duk Asabar in ta taso daga gidan abincin da take aiki a ƙaramin garinsu da ke jihar Ohio ta Amurka, sai ta tarar da shi a bakin dandali, tsoho mai farin gemu, ɗauke da kwali yana kiran a daina yaƙi a dawo da sojoji gida.

Mutumin ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da tarihi a jami'a, ya rubuta littattafai kan sulhu tsakanin al'ummomi. Darlene ba ta karanta ko ɗaya ba. Abin da ta sani kawai, ɗanta Russell ya je yaƙin nan, wannan tsoho kuma yana zagin yaƙin.

Russell ya dawo da ƙafafunsa da hannuwansa, amma ba shi ne yaron da ya tafi ba. Ba ya hira, ba ya dariya, in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Ran Laraba kaɗai yake aske gemu ya fita, ya dawo fuska a sake, har ya ci abinci.

Wata rana tana zuba wa wani direba mai suna Hank kofi, ya ce, "Darlene, ashe ɗanki ya zama ɗan gidan tsohon munafukin nan? Duk Laraba suna ɗakin karatu, shi da sauran sojojin da suka dawo. An ce masu kisan kai yake ce musu."

"Ɗana?" Ta dire butar a kan tebur. "To, zai san wa ya taɓa."

Kafin mako ya zagayo, babu wanda ya ci abinci a wurin bai ji labarin ba. A bakin Darlene "an ce" ya faɗi, maganar ta koma "ya ce". Wasu suka ƙara da cewa yana tofa wa tuta yawu.

Da aka yi taron gari, Farfesa na cikin mahalarta, Darlene ta miƙe. "Mu muka haifa, mu muka raka su jirgi muna kuka. Shi yana ina? Yana cikin littattafai, yana shan iska!"

Farfesa ya tashi a hankali. "Misis Kovach, ki zo ki zauna da mu sau ɗaya, ki ji abin da..."

"Zauna, matsoraci!" in ji wani daga cikin taron.

"In ba ka son ƙasar, ga hanya nan!"

Ihu ya danne muryarsa. A ranar aka hana shi ɗakin karatun da suke zama ran Laraba. Asabar ɗin da ta biyo, wani ya jefe shi da dutse a dandali, ya fasa masa kai. Mutane na kallo, ba wanda ya ɗaga shi sai da motar asibiti ta zo. Da aka sallame shi, 'yarsa ta ɗauke shi ta tafi da shi wata jiha.

Russell ya samu uwarsa tana wanke-wanke.

"Mama, me kika yi?"

"Na raba ka da mai zaginka, shi na yi."

"Kin ji da kunnenki?"

"Kowa ya sani."

"Kowa!" Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ku a nan ba abin da kuka iya sai ku dafa min kafaɗa ku ce jarumi. Shi zama yake ya yi shiru, mu faɗi abin da muka gani. Yaƙin yake ƙi, Mama, ba mu ba."

"Ya juya maka kai, shi ke nan."

Russell ya dube ta, ya fita. Daga nan ya daina aske gemu. Ya kama shan giya, aka sallame shi daga aikin da ya samu a garejin gari. In ta yi masa magana sai ya kalli bango. Da sanyi ya shigo, wata safiya aka tsamo motarsa daga kogi, yana ciki.

Sojojin da suke zama tare da shi ran Laraba su suka ɗauki akwatin gawarsa. Ba wanda ya miƙa wa Darlene hannu. Da aka watse, wata daga cikinsu, Yolanda, ta tsaya a gabanta, idonta a bushe.

"Duk faɗin garin nan ɗaki ɗaya muke da shi da za mu yi magana," ta ce. "Ke kika rufe shi."



Jama'a, mai kiran a zauna lafiya ba maƙiyinku ba ne, ko da ra'ayinsa ya saɓa da naku. Kada ku yanke wa mutum hukunci da "an ce". Ku je ku saurare shi tukuna, domin ƙiyayyar da aka gina kan jita-jita takan dawo ta cinye na gida.