Akuyar Inna

Ina cikin ɗaure katifata a bayan babur sai na ji kukan akuya a ƙofar gida.

Shekara da shekaru ina shugabantar ƙungiyarmu a Mindif, aikinmu habbanaye: mu ara wa matar da ba ta da komai akuya, in ta haihu ta riƙe 'ya'yan, ta maido uwar. Yanzu masu tallafi sun janye, ofis ya rufe, ni kuwa ko kaza ban ajiye ba. Garwa zan koma, in raɓe a gidan ƙanena.

Da na leƙa, sai ga tsohuwar da muka fara ara wa akuya riƙe da wata ja, mata cike a bayanta.

Na ce, "Inna, kin san ba na karɓar kyauta."

"Ji min mutum! Da wannan katifar mai kama da tabarma kake mana fankama? Wa ya ce kyauta ce? Aro ne. In ta haihu ka maido mini abata."

"Ai tafiya zan yi, Inna."

"Sai ka jira ta haihu. Bayan tawa akwai ta wannan, akwai ta waccan. Layi muka yi."

Na dubi layin, ban ga ƙarshensa ba. 

Sai na kwance igiyar katifar, na ɗaure akuyar da ita a tsakar gida.