Butar da Ba a Wanke Cikinta

Tun ranar da aka liƙa sanarwa cewa masu shirin talabijin na duba kayan gado za su zo garin Deloraine da ke tsibirin Tasmania, abinci ya daina yi wa Glenys daɗi. Kowa a garin yana kakkaɓe ƙurar agogon kakansa, ita kuwa addu'a take ruwa ya cika kogi ya datse hanya.

Surukarta Mama Merle ta haura tasa'in, amma ba ta san mantuwa ba, kuma ta riga ta yanke hukunci: butar shayi za a kai. Butar tangaran ce mai zanen shuɗayen furanni, wadda kakarta ta rungumo a jirgin ruwa tun daga Ingila. Dokarta ɗaya ce, irin ta kowace butar kirki a Tasmania: ba a wanke cikinta. A ɗauraye da ruwan zafi a kife, shi ke nan. Baƙin da shayi yake bari a ciki, in ji tsofaffi, shi ne daɗin.

Sau ɗaya Glenys ta taka wannan doka. A shekarar da mijinta Noel ya shigo da kwalekwale mai inji, ya ce a ƙuri'ar kulob ya ci, ya ɗauki mahaifiyarsa yawon kamun kifi, gida ya zama na Glenys ita kaɗai. Tsabta ta motsa mata, ta ɗauko soso da sabulu. Buta ta sulluɓe, ta nuna mata dalilin da ya sa ake ce wa tangaran faɗi-ka-mutu.

Ta binne gutsattsarin a gindin bishiyar tuffa, ta ja mota zuwa birnin Launceston tana kuka. A wani shagon tsofaffin kaya ta ci karo da mai kama da ita sak, har da baƙin ciki, na shayi dai, ba irin wanda ke damunta ba. Ko tayawa ba ta yi ba, ta biya ta rungumo.

Tun daga lokacin Mama Merle take shan shayi a butar shago, tana kuma gaya wa matan coci cewa a duk gidan hannun Glenys kaɗai ta yarda da shi. Wannan yabon ya fi zagi ci mata rai. Tana son tsohuwar nan kamar uwar da ta haife ta, ga shi yanzu wani mai tabarau zai tona mata asiri a gabanta, a gaban kyamara, a gaban duk garin.

Ranar da za a je, Noel ya tashi da ciwon baya. Da wannan bai karɓu ba, sai ya ce tayar mota ta yi sanyi.

"Mama, layin nan fa zai kai har bakin kogi. Mu bari sai wani zuwan."

"Wani zuwan ina kabari? Miƙo mini sandata, malalaci."

Glenys ta ji kamar ta yi masa godiya. Karon farko ke nan da lalacinsa ya kusa yi mata rana.

Zauren gari ya cika maƙil. Ga mai agogon bango, ga mai sirdin kakansa, ga matar limamin coci da wani zanen tumaki da kowa ya san a gwanjo ta saya. Da layi ya zo kansu, wata ma'aikaciya ta maƙala wa kowannensu ɗan makirufo a wuyan riga, ta zaunar da su. Sanyi ake yi mai shiga ƙashi, amma Noel sai share goshi yake. Glenys ta ɗora laifin a kan fitilu.

Masanin tangaran, Mista Ashcroft, ya juya butar, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya kasa kunne.

"Kyakkyawa ce, Mama. Sai dai irin wannan an yi jabunta da yawa, har mu kanmu mukan ruɗe. Akwai wata shaida?"

"Akwai mana. Ina ƙarama na zana harafin sunana da allura a cikin murfin. Ranar na sha duka. Baƙin shayi ne ya rufe shi. Goge, yaro, yau na ba ka izini."

Glenys ta ga Mista Ashcroft ya ɗauko auduga. Gara ta faɗa da bakinta kafin auduga ta faɗa.

"Mama, akwai maganar da ya kamata in…"

"Yi shiru, 'yata, ana ɗaukarmu."

Mista Ashcroft ya jiƙa auduga ya shiga gogewa a hankali. Kyamara ta matso. Baƙin ya fara dusashewa, sai ga wani karkataccen harafi, M, rubutun ƙaramar yarinya.

"Ta gaske ce," in ji shi. "Butar kakarki ce, babu ko tantama."

Aka ɗauki tafi. Mama Merle ta riƙo hannun Glenys tana murmushi, ita kuwa Glenys ta saki baki, don ta san abin da ta binne a gindin tuffa. Ta waiwaya wajen mijinta, ta ga ya fi ta ruɗewa. Ya sunkuyo daidai kunnenta, ya manta da abin da ke maƙale a wuyan rigarsa, lasifikar zauren kuwa ta kai raɗarsa har kujerar ƙarshe:

"Glenys, ta ina ta dawo? Ni da hannuna na sayar da butar nan a Launceston, jabu na ajiye wa Mama!"