Struct Ɗin da Ya Ƙi Nuna Cikinsa

Oga ya sake danna maɓalli, kwamfuta ta sake watsa masa jan rubutun kuskure: ta ga sunan struct, wato ƙunshin bayanan manhajar injin ƙyanƙyasar ƙwai, amma ba ta san abin da ke cikinsa ba.

Ya buɗe fayil ɗin .h, wanda sauran fayiloli ke leƙawa. Suna ne kawai a ciki, layi ɗaya tal. Ainihin bayanin, inda zafi da laima suke, yana can a fayil ɗin .c. Gyaran ba wuya, ko shi ya san shi: a kwaso bayanin a zuba a .h, kowa ya gani. Sai dai .c ɗin yana cikin kwamfutar Injiniya da suke aikin tare, kwamfutar kuma ta bi Injiniya tun ranar faɗa. Wanda aka bar masa an riga an harhaɗa shi, inji ke iya karanta shi, ba mutum ba.

Faɗan ma bakinsa ne ya jawo. A gaban baƙi ya buga ƙirji, wai shi ya rubuta komai, aikin Injiniya bai wuce miƙo masa shayi ba.

Ya gwada cintar bayanin da ka, ya jera zafi a sama, laima a ƙasa. Jan rubutu ya ɓace! Ya daka tsalle har ya ture kwanukan da suka taru a tebur. Da ya kunna injin gwaji, allo ya nuna zafin da zai narka ƙarfe.

Mai gidan kajin da ya ba shi aikin ya bugo. "Oga, ƙwai na kwance a tire fa. In ya fi ƙarfinka, faɗa mini in nemi wani."

"Ni? Haba, Alhaji! Ai an gama."

Ya ajiye wayar, gumi ya jiƙa rigarsa da ba ta ga guga ba. Ya kira Injiniya, aka katse. Ya tura saƙo, aka karanta, shiru.

Dabara ta ƙare. Ya zura takalmi, ya tsallaka gari zuwa gidan su Injiniya. Wani dattijo ya buɗe ƙofa, ya dube shi sama da ƙasa. Oga ya durƙusa.

"Baba, don Allah, fayil ɗaya kawai zan karɓa."

Dattijon ya fara mayar da ƙofar a hankali.

"'Yata na ɗakin uwarta tana jiran mijinta ya zo biko, kai kuma fayil ka zo ɗauka?"