Goyon Tanimu Guguwa

Tun da aka kafa dokar tubabbu, babur ɗin Tanimu Guguwa ba ya tashi sai wani daga cikin waɗanda ya zalunta ya hau baya. Mutumin da a da yake jan rundunar babura ya ƙone gari tsakanin azahar da la'asar, yau ko kasuwa sai da yardar maraya.

Ran nan da hantsi kububuwa ta sari 'yarsa Hanne a gona. Ya saɓo ta, ƙafa ta kumbura suntum, ya bi gida-gida yana roƙo. Duk wanda ya hango shi sai ya ja ƙyaure. Gwaggo Tabawa kaɗai ta fito, wadda ya ɗauke mata ɗa, Sallau, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

"Gwaggo, ki dubi girman Allah," ya ce, gwiwa a ƙasa. "Asibiti kawai."

Ta gyara mayafi ta hau, ta rungume yarinyar a tsakaninsu. Nan take injin ya yi gurnani.

"Fara kai ni inda ka yar da Sallau," ta ce. "Ko ƙashinsa ne in samu a yi masa sutura."

"Gwaggo, asibiti gabas yake, wancan wurin kuwa yamma, can cikin daji. Yarinyar ba za ta kai ba."

Ta shafa kan Hanne a hankali, ta sauke ƙafa ɗaya ƙasa. Injin ya fara shaƙewa.

"To, sai ka yi sauri," ta ce. "Da can ai an san ka da gudu."