Takardar Asalin 'Yar Kafinta

Hansatu ƙanwata, tun da kika ce min an yi wa maigidanki canjin wurin aiki zuwa wata jiha hankalina bai kwanta ba. Ba tafiyar ce ke damuna ba, yaran nake tunani. Ni karatuna bai yi nisa ba, kin sani, amma bari in ba ki wani misali, ki riƙe shi da kyau.

An yi wani kafinta da kasuwa ta mutu masa a ƙauyensu, sai ya tattara zarto da guduma, ya ɗauki matarsa da tsohon ciki, suka ƙaura wani babban gari a jihar maƙwabta. Allah ya buɗa masa daidai gwargwado, yau ƙofa, gobe gado, jibi bencin makaranta. Amma tun da ya sa ƙafa ya fito bai sake waiwayar gida ba. Ba faɗa aka yi ba, ba gaba. In an yi rasuwa sai ya ce ga aikin mutane a hannunsa, ya ba direban motar kasuwa saƙon ta'aziyya. Matar kuwa ba ta iya haka ba. Da ta ji an yi mutuwa ko haihuwa, sai ta ƙulle ɗan sabulu da goro, ta ja 'yarta su hau mota, su kwana biyu su dawo da ƙunshin daddawa. Mijin yana mata tsiya, wai me ta baro a ƙauye in ban da kaji. Ita dai ba ta fasa zuwa ba.

Yarinya ta girma, ta ci jarrabawa, ta samu gurbi a jami'ar jihar da suke zaune. Nan aka ce musu kuɗin makaranta iri biyu ne, da na 'yan jiha da na baƙi, kuma ita baƙuwa ce, ko da a garin aka yanke mata cibiya, don asali uba ake bi. Kuɗin baƙin nan, ko kayan aikinsa kaf ya sayar ba za su kai ta ƙarshen karatu ba. Sai wani ya ce masa ai jiharsu ta asali tana ba 'ya'yanta tallafin karatu duk inda suke, amma sai da takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, ita kuma ba a bayarwa sai dagaci ya sa hannu cewa ya san gidan. In har aka rufe rajista babu tallafin, gurbin ya tafi ke nan.

Kafinta ya sa babbar riga, ya sayi goro, ya ɗauki 'yar suka nufi ƙauye. Ya tarar gidan ubansa na gindin tsamiya ya rushe, har an shuka gero a kangon. Sa'o'insa wasu sun rasu, wasu sun watse. Tsohon dagacin da ya san ubansa ya daɗe da kwanta dama, nan ma a bakin direba kafinta ya aika gaisuwar, yanzu ɗan marigayin ne a kan karaga. Dagaci ya karɓe su da mutunci, aka kawo ruwa, sannan ya ce shi bai ƙaryata shi ba, amma tun da maganar tallafi ta fito kowa sai ya zo ya ce nan ne tushensa, don haka ba ya sa hannu sai wani sananne ya tsaya ya ce ya san mutum. Kafinta ya jero sunan uba da kaka. Dattawan zaure suka ce sunayen dai sun taɓa ji, fuskar ce ba za su rantse a kanta ba.

Ita kuwa yarinya, kamar yadda aka saba, an tura ta cikin gida ta gai da mata. Akwai wata tsohuwa, gwaggon dagaci, tana zaune tana ɓare gyaɗa. Ta tambaye ta 'yar wace ce. Da jin sunan uwar sai ta ajiye faifai, ta jawo ta kusa ta ƙura mata ido.

"Ke ce 'yar nan da ta ɓace mana ranar sadakar ukun yayana? Muka birkice gari, har rijiya aka leƙa, ashe kina ƙarƙashin rumbu kina barci rungume da ɗan akuya."

Ta dogara sanda har zaure, ta ce wannan jikar gidan gindin tsamiya ce, uwarta ba a taɓa yin kuka ko guɗa a garin nan ba a ga takalminta a bakin ƙofa ba. Sannan ta juya ta dubi kafinta sama da ƙasa.

"Kai ne mijin? Ai mun zaci ka mutu ba a faɗa mana ba."

Dagaci ya yi dariya, ya ce ya tuna, shi ne ma ya leƙa rijiyar. Ya sa hannu. Yarinya ta shiga jami'a. Bayan nan, da aka sake yin rasuwa a ƙauyen, kafinta ne ya riga matarsa shiga mota.

To Hansatu, ki je lafiya, Allah ya sa alheri a ƙaurar. Amma ki riƙa kawo yaran nan gida ana ganinsu, kada ki ce waya ta wadatar. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce zumunta a ƙafa take.